Ina Muka Baro Ƙawayen Makaranta?

Yau ƙorafi zan yi, kuma da kaina zan fara, don wanda ya daki kansa ba ya kuka.

Ɗauki littattafanmu na soyayya ki buɗe shafin farko. Bayan godiya ga Allah da iyaye da maigida, sai ki tarar da jerin sunaye, wance da wance 'yan ajinmu, ba zan taɓa mantawa da ku ba. To amma shiga cikin labarin ki nemi ƙawar makaranta. Ko dai 'yar aike ce mai kai wasiƙa wurin saurayi, da an ɗaura aure a neme ta a rasa, ko kuwa ita ce muguwar da za ta bi boka ta ƙwace mijin aminiyarta. A bango muna godiya, a ciki muna cin mutunci. Wannan wace irin godiya ce?

Ni ma na aikata. A littafina na farko na sa aminiyar tauraruwa ta zame mata kishiya. Wata 'yar ɗakinmu da ke aure a wajen Bunkure ta karanta, ranar da muka haɗu a gidan suna ta ce da ni, "Ke yanzu duk zaman da muka yi shekara shida, abin da kika tsinta ke nan?" Wallahi na rasa bakin magana.

Don gaskiya ta faɗa. Mu 'ya'yan manoman rani ne. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 ruwa ya biyo kwalbatoci ya ratsa Kadawa da Kura, abincinmu da kuɗin makarantarmu suka rataya a kan tumatir da alkama da shinkafa. Shekarar da tumatir ya faɗi a Kwanar Gafan, kwando bai mayar da kuɗin mota ba, haka na koma makaranta akwati ba gari ba ƙuli. Wa ya riƙe ni? 'Yan kwanarmu. Wannan ta ba ni sabulu, waccan ta raba garinta biyu, ba wadda ta taɓa yi mini gori. Kuma su ne makarantana na farko. A littafin rubutu mai shafi sittin na fara ƙirƙirar labari, yana yawo gado-gado bayan an kashe fitila, da safe a tare ni a ce sai na faɗi yadda za ta ƙare.

Kada a ce labarin amana ba ya daɗi. Mariama Ba 'yar ƙasar Senegal ta fitar da littafi a 1979, wanda aka fassara da Turanci da sunan So Long a Letter. Gaba ɗayansa wasiƙa ce, Ramatoulaye tana cikin takaba ta rubuta wa Aissatou, ƙawarta tun ƙuruciya da suka yi makaranta tare. A ciki ma akwai cin amana, domin mijin Ramatoulaye ƙawar 'yarsu ya aura. Sai dai marubuciyar ba ta tsaya nan ba, ta nuna mana Aissatou da ta saya wa aminiyarta mota lokacin da miji ya juya mata baya. Littafin ya ci kyautar Noma a 1980.

A gida kuma, Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta nuna mana a Wa Zai Auri Jahila? abin da yarinya ke rasawa in an cire ta daga makaranta an yi mata aure. Ta yi nata. Mu da Allah Ya sa muka kai aji shida har muka zana jarrabawa, saura mu faɗi abin da muka samu, kuma ba takardar sakamako kaɗai ba ce.

Ban ce babu maciya amana ba, akwai su. Amma 'yan mata ne ke karanta mu, wasu a ƙarƙashin tebur a aji. In kullum muna gaya musu ƙawa kura ce da fatar akuya, ranar da aure ya yi tsami ko miji ya rasu, ƙofar wa za su ƙwanƙwasa?

Don haka ina roƙon 'yan uwana marubuta, mu ɗauko ƙawayen nan daga shafin godiya mu shigo da su tsakiyar labari. Ku kuma 'yan ajinmu, na Madobi da na Kura da waɗanda aure ya kai nesa, ku yafe mini. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah Ya jiƙansu, mu kuma Ya bar zumunci, amin.