Gyara Kayanka: Nazarin Rahoton Kuskure da Ladubbansa a Tsakanin Masu Rubuta Manhaja

Babu manhajar da ke fitowa daga hannun mai rubuta ta ba tare da kuskure ba. Shi ya gwada ta ne a kwamfutarsa, da intanet mai ƙarfi, da sunaye irin na mutanen garinsu. Da ta shiga hannun jama'a sai ta ci karo da tsohuwar waya, da sabis mai zuwa yana ɗaukewa, da suna irin Mu'azu ko Sa'adatu. Wannan ne ya sa masu sana'ar suka raya wani nau'in rubutu nasu na kansu, wato rahoton kuskure: ɗan taƙaitaccen bayani da wanda ya ga matsala yake aika wa wanda zai iya gyara ta.

A Katsina yau matasa da dama sun rungumi wannan sana'a. Ana karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Al-Qalam, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina. Akwai cibiyoyi irin su Kirkira Innovation Hub, akwai tarukan GDG Katsina, ga kuma shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. Ana koya wa matasa yadda ake rubuta manhaja, amma ba a cika zama a koya musu yadda ake faɗin kuskure da yadda ake karɓar gyara ba. A ganina wannan rabin sana'ar ne, kuma muna da gadon da ya isa ya sa mu ƙware a kai.

Yadda ake gina rahoton

Rahoton kuskure mai kyau yana amsa tambayoyi huɗu: me ka yi, daki-daki? Me ka sa ran zai faru? Me ya faru? A kan wace na'ura, kuma wane zubi na manhajar? Tun 1998, lokacin da Mozilla ta saki Bugzilla, manhajar da ake tara irin waɗannan rahotanni a ba kowanne lamba, wannan tsari ya zama ruwan dare. A 1999 Simon Tatham, wanda ya rubuta manhajar PuTTY, ya fitar da wata maƙala kan batun da har yau ake tura sababbin shiga su karanta. Jigonta shi ne, mai rahoto ya taimaki mai gyara ya ga matsalar da idonsa, ya kuma raba abin da ya gani da abin da yake zato.

A kwatanta waɗannan saƙonni biyu. Na farko: "Wannan abin naku ba ya aiki." Na biyu: "Na buɗe fom ɗin rajista a wayar Android, na rubuta Sa'adatu a gurbin suna, na danna aikawa, sai ya ce sunan ba daidai ba ne. Da na cire alamar hamzar da ke tsakiyar sunan sai ya karɓa. Na maimaita, haka ya sake yi." Mai saƙon farko ya huce haushinsa ne kawai. Mai na biyu ta yi wa injiniya rabin aiki, domin duk wanda ya san SQL, harshen da ake magana da rumbun bayanai, zai gane inda gizo ke saƙar nan take. A wannan harshe alamar nan ita ce ke nuna farkon rubutu da ƙarshensa, don haka manhajar da aka rubuta da sakaci takan ɗauka sunan ya ƙare a "Sa". Ta wannan ɓarakar ce kuma ɓarayin intanet suke cusa umarninsu su kwashe bayanan mutane. Ke nan Sa'adatun da ta yi haƙuri ta rubuta jimloli uku tana iya toshe ƙofar da za a yi wa dubban mutane sata.

Kurakuran da mu kaɗai muke gani

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai matsalolin da injiniyan da ke zaune a Kalifoniya ko Bangalo ba zai taɓa cin karo da su ba. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, sun daɗe a cikin tsarin Unicode, amma har gobe akan ga manhajar da ke mayar da su akwatuna ko alamar tambaya. Akwai gurbin bincike da ba ya kawo "ƙasa" idan an rubuta "kasa", akwai kuma wanda ke cakuɗa su duk da ma'anarsu ta bambanta. A Nijar ana rubuta ƴ, a Najeriya ana rubuta 'y, manhaja kuwa takan ɗauke su kalmomi biyu daban. Google Translate ya shigar da Hausa a 2013, Facebook ya biyo baya a 2016, kuma duk mai amfani da su ya sha ganin fassarar da ba Bahaushen da zai furta ta.

Idan muka yi shiru, kuskure yakan zauna har ya zama al'ada. Dubi yadda da yawanmu muka saba rubuta Hausa babu ƙugiya, saboda na'urorin farko ba su ba mu dama ba, mu kuma muka bi su a haka. Inda aka samu ci gaba, mutane ne suka sa hannu: masu sa kai da ke sauraron muryoyin Hausa a shirin Common Voice na Mozilla suna tantance na daidai, da editocin Wikipedia ta Hausa da ke bin rubutun juna suna gyarawa, da masu bincike na ƙungiyar HausaNLP.

Tsakanin kara da zagi

Abin da ke hana mu kai rahoto yana da tushe a tarbiyya, kuma tushen mai kyau ne. An raine mu da kunya da kara. Ba a so a tozarta mutum, balle na gaba da kai. Ɗalibi zai ga kuskure a manhajar da malaminsa ko yayansa a sana'a ya rubuta, sai ya haɗiye. Mai amfani zai ce "haka netwok yake," ko "Allah ya kyauta," ya wuce. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da jama'a suka koma tura kuɗi ta waya da wajen masu POS, maganar da ta cika gari ita ce "an cire, ba ta shiga ba." Amma sau da yawa mai ƙorafin bai riƙe lambar cinikin ba, bai lura da lokaci ba, bai ajiye rasit ba.

Idan kuma tura ta kai bango sai a tsallaka ɗaya ɓangaren: a hau Facebook a yi ta zagi da tsinuwa. Mai shiru da mai zagi sun haɗu a wuri ɗaya, domin babu wanda ya miƙa wa mai gyara abin da zai kama.

Abin da ya faru da jarrabawar JAMB ta 2025 ya nuna amfanin hanya ta uku. Da sakamako ya fito, ɗalibai da iyaye da malamai suka yi ta nuna cewa makin wasu yankuna bai yi kama da ƙoƙarin yaran ba. Hukumar ta sa aka bincika, kuma a watan Mayu shugabanta na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito bainar jama'a ya amsa cewa matsalar na'ura ta shafi ɗalibai kusan 380,000 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas, ya nemi gafara, aka sake musu jarrabawa. Ƙorafi mai hujja ya haɗu da shugaban da ya yarda ya duba, shi ya sa aka ceto shekarar yaran.

Kaushin halin da bai kamata mu aro ba

Al'adar masu manhaja ta ƙasashen waje tana da nata ciwon. An daɗe ana ɗaukar gatsali da kaushin harshe a matsayin alamar ƙwarewa. Shahararriyar maƙalar Eric Raymond da Rick Moen kan yadda ake tambaya tana da shawarwari masu amfani, amma tana kuma koya wa sabon shiga ya daure wa tsawa. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya yi shekaru yana caccakar masu kawo masa aiki, har sai a watan Satumba na 2018 ya nemi afuwa, ya ɗan janye jiki, aka kafa wa aikin ƙa'idar mu'amala.

Labarin manhajar xz ya fi kowanne ilimantarwa. Ƙaramar manhaja ce ta matse fayiloli da ke cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux, kuma mutum ɗaya, Lasse Collin, ya yi shekaru yana kula da ita kyauta. A 2022 wasu da ba a san ko su wane ne ba suka dame shi da ƙorafi da gori, cewa ya yi sanyi, ya ba wani dama. A gajiye ya buɗe wa wani mai kiran kansa Jia Tan ƙofa, shi kuwa ya dasa wata ɓoyayyiyar hanyar kutse. A watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura cewa shiga wata na'ura yana ɗaukar ƙarin kusan rabin daƙiƙa. Bai ce "haka take" ba. Ya bi diddigi, ya rubuta rahoto dalla-dalla, aka toshe ɓarnar kafin ta bazu. Rashin ladabi ne ya karya mai gadin, natsuwar mutum ɗaya kuma ta ceci miliyoyin na'urori.

Abin da tsangaya ta riga ta koyar

Katsina gari ne na malamai tun zamanin Gobarau, garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, kuma karatun allo ya bar mana tsarin gyara da ya dace da wannan sana'a. A tsangaya, mai neman hadda yakan rubuta allonsa da ka, ya kawo zaman darasu, alarammomi su bi shi harafi-harafi. Ba a cewa "allonka ya ɓaci" a yi shiru; ana nuna wasalin da ya kauce da ɗigon da ya faɗi. Wanda aka gyara ba ya jin an ci masa fuska, wanda ya gyara ba ya jin ya ci nasara a kansa, domin dukansu sun yarda ingancin rubutun ya fi girman kowannensu. Haka idan liman ya yi tuntuɓe a karatu, na bayansa yakan tuna masa ko da ɗalibinsa ne.

Sai dai kwatancin yana da iyaka. A darasu akwai matani guda da ake komawa gare shi. Manhaja kuwa aikin ɗan Adam ce, kuma wani lokaci abin da mai amfani ya kira kuskure zaɓi ne da aka yi da gangan. Don haka mai rahoto ya shirya jin "a'a," mai manhaja kuma ya ɗauki nauyin bayyana dalilinsa.

Ladubban ɓangarori biyu

Mai kai rahoto ya yi sallama, wannan namu ne, amma ya haɗa gaisuwa da bayani a saƙo ɗaya, kada ya aika "ina wuni" ya zauna jiran amsa. Ya duba ko wani ya riga shi faɗa. Matsala ɗaya, rahoto ɗaya. Idan zai tura hoton fuskar waya, ya rufe lambar asusu da BVN da NIN. Idan ɓarakar ta tsaro ce, ya sanar da masu manhajar a asirce, ya ba su lokacin gyara kafin ya yi shela. Ya kuma tuna cewa da yawa daga masu kula da manhajojin kyauta ba albashi ake biyan su ba.

Nauyin mai karɓa ya fi yawa. Ya amsa, ko da bai gyara ba tukuna. Ya daina fakewa da "ai a wajena tana aiki." Ya tambayi abin da ya rage cikin sauƙin harshe, domin ɗan kasuwar da ke Ƙofar Ƙaura ba dole ne ya san sunan zubin Android ɗinsa ba. Ya karɓi rahoto da Hausa, har da saƙon murya, tunda ta haka mafi yawan mutanenmu suka fi sakewa su yi bayani. In ya gyara, ya koma ya sanar da wanda ya nuna masa, ya gode.

Kammalawa

Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ya kamata sassan kimiyyar kwamfuta na manyan makarantun Katsina su sa rubuta rahoton kuskure cikin abin da ake ba ɗalibi maki a kai, ɗalibai su riƙa gwada aikin juna suna rubuta abin da suka gani. Cibiyoyin horarwa su saba wa matasa da aika gyara ga manhajojin duniya, su fara da matsalolin haruffa da sunayen Hausa da suka fi kowa sani. Duk wata manhaja da gwamnati ko kamfani zai ɗora wa jama'ar jihar, ta biyan haraji ce, ta asibiti ko ta makaranta, a tanadar mata hanyar kai ƙorafi da Hausa, a ba kowane ƙorafi lamba, a kuma sa wanda zai amsa. Matashin da ya iya rubuta manhaja amma bai iya sauraron mai amfani da ita ba, da sauransa a sana'ar.