Duron mai tabarau: sayi wanda za ka iya gyarawa a Funtuwa

Yanzu da wuya a haɗa bidiyon biki ko na hawan Sallah a Funtuwa da Malumfashi ba a saka hoton sama a ciki ba. Masu ɗaukar hoto sun gane cewa mai biki yana son ganin jerin motocin amarya daga sama, ɗan siyasa kuma yana son a nuna cikar filin taronsa. Sai ga wani sabon yayi ya shigo ta TikTok da YouTube: duron, wato jirgi mara matuƙi, da ake tuƙawa da tabarau a fuska, wanda ake kira FPV. Kyamarar da ke goshin jirgin tana aiko hoto kai tsaye cikin tabarau, matuƙi yana ganin abin da jirgin ke gani, ya kutsa ta taga, ya bi bayan doki a guje, ya yi alkafura a sama. Duk matashin da ya kalli irin wannan bidiyo sau ɗaya, tambayarsa ɗaya ce: wanne zan saya?

Amsata ita ce, ɗan koyo a yankinmu ya sayi jirgin da zai iya kayarwa ya gyara a nan garin. Kyawun hoto ya biyo baya. Duk wanda ya fara wannan sana'a sai ya kayar da jirgi, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Saboda haka abin dubawa shi ne me zai faru bayan faɗuwar.

Da farko a raba jirage biyu da mutane ke haɗawa. Akwai duron ɗaukar hoto irin su DJI Mini, wanda nauyinsa bai kai giram 250 ba, yana da GPS, yana tsayawa cak a iska idan ka saki rimot, yana kai kusan minti 30 a sama, kuma yana komawa inda ya tashi idan sadarwa ta yanke. Shi kuwa FPV na ainihi, a salon tuƙin da ake kira akro, ba ya tsayawa da kansa. Ka ɗauke yatsa, ya ci gaba da tafiya inda ya karkata har sai ya yi karo. Mai farfela inci 5, wanda ake yawan gani a bidiyo, yana wuce gudun kilomita 100 a awa, batirinsa bai cika wuce minti biyar ba, farfelarsa kuma tana yanka fata. Idan burinka samun kuɗi a gidan biki a wannan shekarar, ko duba gonar masara a Bakori ka ga inda ruwa ya kwanta da inda tsiro bai fito ba, duron ɗaukar hoton ne kayan aikinka. Feshin magani kuwa wata duniya ce daban, ta manyan jirage irin Agras T40 mai ɗaukar lita 40. Babu mai koyon tuƙi da tirela cike da auduga, to haka inci 5 yake a hannun ɗan koyo a tsakiyar taron jama'a.

Idan kuwa tuƙin kansa ne ya shiga ranka, abin da za ka fara saya rimot ne, ba jirgi ba. Rimot irin RadioMaster Pocket bai kai dala 100 ba, kana jona shi da kwamfuta ta USB ka yi atisaye a manhajar kwaikwayo kamar Liftoff ko Velocidrone. A can za ka faɗi sau ɗari ba ka yi asarar sisi ba. Abin da ake koyo shi ne yatsun hannu su saba: na hagu yana riƙe ƙarfin inji da juya kai, na dama yana karkatar da jirgi gaba da gefe, duka a lokaci guda. Ka tabbatar rimot ɗin yana aiki da tsarin sadarwa na ExpressLRS, domin shi ne ya yaɗu yanzu, kuma zai bi ka zuwa jirgi na biyu da na uku.

Daga nan sai ƙaramin jirgi mai zobe kewaye da farfela, wanda ke zama a tafin hannu. Kamfanin BetaFPV yana da jerin Cetus, Emax yana da Tinyhawk, kuma dukansu suna zuwa a akwati ɗaya da tabarau da rimot da caja. Jirgin nan idan ya daki bango sai ya faɗo, ka ɗauka, ka mayar da farfela, ka sake tashi. A cikin jerin Cetus ma akwai bambanci: mafi araha yana da inji mai burushi wanda ke saurin cinyewa, Cetus Pro da Cetus X kuwa nasu ba shi da burushi, ya fi jure aiki. Araha ba ta ado. Tabarau ɗin da ke cikin waɗannan akwatuna na tsohon tsarin analog ne, hoton yana da yaushi da ɗigo-ɗigo, amma kayansa masu sauƙin kuɗi ne kuma na kamfanoni daban-daban suna aiki tare.

Na san abin da wasu za su ce: me zai hana a tara kuɗi a sayi DJI Avata 2 a huta? Hujjarsu tana da ƙarfi. Jirgin ya fito a watan Afrilun 2024 a kan dala 999 da tabarau da abin tuƙi, hotonsa tas, yana da maɓallin birki, kuma sabon shiga yana iya tashinsa a ranar farko. Wanda ya riga ya kafa sana'ar bidiyo kuma yana da masu biya, zai iya mayar da kuɗinsa. Amma ka yi tunanin ranar da ya daki reshen dalbejiya kyamara ta tsage. Kayan gyaransa na kamfani ɗaya ne, sai an yi oda, a jira, a biya da canjin dala. Ƙaramin jirgi mai buɗaɗɗen tsarin Betaflight kuwa, idan waya ta tsinke daga inji, duk mai gyaran waya da ya iya riƙe ƙarfen dalma zai liƙe maka ita a teburinsa. Wannan gwanintar muna da ita a kowane layin 'yan waya, daga Funtuwa har Farm Centre a Kano. Ka sayi farfela da yawa da inji ɗaya ko biyu na ajiya tun a odar farko, domin kuɗin aiko ƙaramin abu yakan fi kuɗin abin.

Yanayinmu ma yana da nasa hukuncin. Batirin LiPo da waɗannan jirage ke amfani da shi ba ya son zafi. Cikarsa bolt 4.2 ce a kowane ɗaki na batirin, ajiyarsa kuma wajen 3.8. Ka bar shi cike a but ɗin mota da rana a watan Afrilu, zai kumbura kamar an hura shi, kuma kumburarren batir yana iya kamawa da wuta. Kada a yi caji a kan katifa, kada a jona a tafi masallaci. Tunda wutar NEPA ba abin dogaro ba ce, ƙananan batira masu caji ta USB sun fi dacewa, domin fawa banki ko ƙaramin sola ya ishe su. Lokacin hunturu ƙura tana shiga inji, maganaɗisun ciki yana jan ɓurɓushin ƙarfe daga ƙasa, ka ji farfela tana ƙarar yashi idan ka juya ta da yatsa. Iskar hunturu kuma tana kwashe ƙaramin jirgi, don haka da sassafe ko cikin babban ɗaki ya fi.

Akwai abin da ba ya cikin akwatin, kuma ya fi duk abin da ke ciki nauyi. Tun watan Mayun 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta NCAA ta sanar cewa ba a tashin jirgi mara matuƙi a Najeriya sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A Janairun 2025 sojoji sun hana tashinsa a Arewa maso Gabas. Mu kuma muna maƙwabtaka da Faskari da Sabuwa da Dandume, inda mutane suka ɗanɗana kuɗarsu a hannun 'yan bindiga. Manomin da ya ji abu yana kuka a saman gonarsa, ya waiga ya ga mutum a gindin bishiya da baƙin tabarau a fuska, ba wasa zai fara kawowa a ransa ba, kuma ba laifinsa ba ne. Ka nemi izinin hukuma, ka gaida mai unguwa ka nuna masa jirgin, ka sanar da 'yan sanda da 'yan sintiri, ka nisanci barikoki da shingayen tsaro. Ka tafi da abokin da zai riƙa kallon jirgin da ido, domin mai tabarau ba ya ganin yaron da ya rugo daga baya.

Sannan gidajenmu tsakar gida gare su, a buɗe ta sama. Katangar da maigida ya gina don suturar iyalinsa ba ta tare kyamarar da ke shawagi. Matuƙin da ya bi ta saman gidajen mutane ya keta haddi ko da bai naɗi komai ba, kuma rigimar da zai jawo za ta shafi duk mai riƙe da rimot a garin.

Shawarata ga matasan da abin ya burge ita ce su haɗa kai, mutum huɗu ko biyar. Rimot ɗaya da kwamfuta ɗaya sun isa kowa ya koya. Su yi odar kayan gyara tare, su jawo mai gyaran waya ɗaya cikinsu, su roƙi filin wata makaranta ranar da babu ɗalibai. Wanda ya iya zagaya turakun gola ya sauka lafiya sau da dama ba tare da ya kayar ba, shi ne ya cancanci a fara maganar saya masa babban jirgi.