Fatalwa Mai Ba Da Dariya: Nazari A Kan Finafinan Italiya Da 'Yan Kallonsu

Duk wanda ya saba da finafinan fatalwa na Amurka da na Ingila, inda babban burin mai shiryawa shi ne ya firgita zukata ya hana mutane barci, lalle zai yi mamaki in ya ga yadda mutanen Italiya ke karɓar nasu, domin kuwa a wasu daga cikinsu fatalwa ba ta cika zuwa da razana ba, sai dai ta zo da raha, jama'a su yi ta ƙyaƙyata dariya, sa'an nan su watse zuciyarsu da nauyi. Wannan haɗuwa ta dariya da alhini tana da sababi, kuma wanda ya gane shi zai ga cewa abin da ake nuna wa 'yan kallo halin rayayyu ne, matattu kuwa aron su kawai aka yi.

Mashahurin misali na wannan fanni wasan kwaikwayo ne mai suna Questi fantasmi!, wanda Eduardo De Filippo, mutumin Napoli, ya wallafa, aka fara nuna shi a Roma a farkon 1946, lokacin da ƙurar Yaƙin Duniya na Biyu ba ta gama lafawa ba, Napoli kuwa ta sha ruwan bama-bamai, muhalli ya yi wuya, talauci ya yi katutu. An mai da shi fim a 1954, aka sāke a 1967 da Sophia Loren da Vittorio Gassman, wannan maimaici kuwa shaida ce ta cewa jama'a ba su ƙoshi da labarin ba. A labarin, wani matalauci ne, Pasquale, aka ba shi wani tsohon katafaren gida ya zauna kyauta, bisa sharaɗin ya riƙa fitowa baranda yana waƙa yana kakkaɓe darduma, don maƙwabta su sakankance ƙarya ce ake yi da ake cewa akwai fatalwa a ciki. Ashe matarsa Maria tana da kwarto, mawadaci, wanda ya shigo gidan a ɓoye cikin kabad. Da mijin ya yi arba da shi sai ya ɗauka fatalwar ce, da ya fara tsintar kuɗi a aljihun rigarsa kuwa sai ya ƙudurta cewa fatalwar mai alheri ce, ta ji tausayin halin da yake ciki. Mai gadin gidan ma, Raffaele, ya sami kafa, duk abin da ya sace sai ya jingina wa mutanen ɓoye.

A nan ne 'yan kallo suka rabu biyu, har yau kuma ba a rufe mas'alar ba. Wasu sun tafi a kan cewa Pasquale wawa ne mai tsarkin zuciya, wanda ya yi imani da fatalwar bil haƙƙi, saboda haka dariyarsu gauraye take da tausayi. Wasu kuwa suna ganin ya san komai sarai, amma da yake ba shi da ƙarfin ciyar da iyali, ba shi kuma da ƙarfin zuciyar da zai fuskanci abin kunya, sai ya zaɓi ya rufe ido ya karɓi kuɗin, ya sa wa cin amana sunan karama. Marubucin da gangan ya bar shubuhar, bai yanke hukunci tsakanin zahiri da baɗini ba. Wata hikimarsa kuma ita ce, ya sa Pasquale yana yawan hira daga baranda da wani maƙwabci, Farfesa Santanna, wanda ba a ganinsa ba a jin muryarsa, alhali gidansa yana daidai wurin da jama'a ke zaune. Ta haka kowane mai kallo ya zama maƙwabcin nan da ke ganin duk abin da ke gudana a gidan wani, ya san gaskiya, amma bai faɗa ba. Wanda ya fara da yi wa Pasquale dariya sai ya ƙare yana tuhumar kansa.

Amma fa ba domin mutanen kudancin Italiya suna da tsohuwar ma'amala da mamatansu ba, da wannan raha ba ta karɓu ba. A aƙidar Katolika akwai wani matsayi tsakanin mutuwa da aljanna inda ake tsarkake rayuka, kuma addu'ar rayayyu tana sauƙaƙa musu. Talakawan Napoli sun kai abin har ga maƙabartar Fontanelle, inda a dā mutum kan zaɓi ƙoƙon kan wani mamaci da ba a san ko wane ne ba, ya riƙa goge shi yana yi masa addu'a, da fatan ya zo masa a mafarki ya biya masa buƙata, ko da lambar caca ce. Sai a 1969 shugaban cocin birnin, Kadina Corrado Ursi, ya hana wannan al'ada. Mutanen Napoli suna kuma da camfin munaciello, wani ɗan guntun aljani mai shigar rahibai, wanda aka ce yakan bar kuɗi a gidan da ya so. Saboda haka sa'ad da Pasquale ya tsinci kuɗi ya ce kyautar fatalwa ce, mai kallo ɗan Napoli ya san sarai daga wace rijiya ya ɗebo wannan zato.

Da zamani ya juya, buƙatar da ake ɗora wa fatalwa ita ma ta sāke. A 1961, lokacin da arziki ya buɗe wa Italiya, dillalan filaye suna rushe tsofaffin gidaje suna tayar da sababbi, Antonio Pietrangeli ya shirya Fantasmi a Roma, inda Eduardo ɗin nan ya fito a matsayin tsohon basarake mai zaune lafiya da fatalwoyin kakanninsa. Da ya mutu, magajinsa, wanda Marcello Mastroianni ya taka, ya so sayar da gidan, sai fatalwoyin suka nemo fatalwar wani mai zane na dā ya yi musu zane a gidan, domin hukuma ta lissafa shi cikin kayan tarihi ta hana rushewa. A 2012 kuma Ferzan Özpetek ya fitar da Magnifica presenza, labarin wani saurayi ɗan Sisili mai kaɗaici, wanda ya kama haya a Roma ya tarar da fatalwoyin 'yan wasan kwaikwayo da suka halaka a 1943, bayan wata abokiyar aikinsu ta ci amanarsu. A fim na farko fatalwa tana tsaron gado daga kwaɗayin kuɗi, a na biyu tana neman a tuna da zaluncin da aka binne, a duka biyun kuwa an tsara labarin ne yadda zuciyar mai kallo za ta karkata ga matattu, tsoronsa ya koma kan rayayyu.

Mu Musulmi mun sani wanda ya mutu ya shiga barzahu, ba ya dawowa ya zauna a ɗaki ko ya ba da lambar caca, kuma babu abin da zai raba mu da wannan yaƙini. Amma kuskure ne mai kallo ya tsaya kan ɓacin aƙidar ya kasa ganin manufar, domin su kansu mawallafan ba wa'azin fatalwa suke yi ba. Misali suka buga, kamar yadda magabata suka sa dabbobi magana don su gyara halin mutane. Hukuncina shi ne, waɗannan finafinai sun cancanci a kalle su da natsuwa, kuma mafi daraja cikinsu shi ne labarin Pasquale, saboda ya bayyana yadda talauci ke tilasta wa mutum ya gaskata abin da hankalinsa ya ƙaryata. Mai karatu, in Allah ya sa ka gan shi, kada ka yi gaggawar hukunta mutumin nan kafin ka auna halin da ya kai shi ga haka.