Jinjina ga Malaman Saƙa na Yara Masu Buƙata ta Musamman

Malaman da ke koyar da saƙa ga yara masu buƙata ta musamman, wato kurame da makafi irin waɗanda makarantar Tudun Maliki ta Kano ke karɓa, sun cancanci yabo, domin aikinsu haƙuri ne tsantsa. Malama takan ɗora hannunta bisa hannun makauniya har yatsunta su gane zaren ulu da kwarashi, ƙarfen nan mai lanƙwasasshen baki da ke jawo zare, su kuma iya ƙirga ɗauri ta lalube, yayin da kurma ke koya da ido. Hular jariri da safar da suka saƙa sukan samu kasuwa da hunturu. Yaran Saminaka, da na ƙauyukan Birnin Gwari inda rashin tsaro ya taɓa rufe makarantu da dama, su ma suna buƙatar irin waɗannan malamai, kuma wajibi ne hukuma ta samar musu da su.