Ƙosai a Cikin Burodi: Nazari kan Haɗin da Ake Kira Baƙo

Duk wanda ya taɓa yin sammako a tashar mota ya san wannan hoton. Ɗan dako ko kwandasta zai tsaya gaban mai ƙosai, ya tsaga burodi da babban yatsa, ya jera ƙosai huɗu ko biyar masu zafi a ciki, a barbaɗa masa yaji, ya matse da tafin hannu, ya kama hanya yana ci. Ba mai waiwayarsa. Amma ka gaya wa mutumin nan cewa a Ingila ana zuba soyayyen dankalin turawa tsakanin yanka biyu na burodi mai bota, ko a Japan ana cusa soyayyar taliya a cikin burodi, sai ya kama baki ya ce wannan kuma wane irin ci ne. Alhali da dare shi ne zai zauna a bencin mai shayi ya ce a juye masa Indomie da ƙwai a burodi. Baƙuntar haɗi a wurin mai kallo take, wanda ya saba kuwa abincinsa kawai yake ci.

Sunan da Turawa suka ba wannan ci, wato sanwici, daga sarautar wani basaraken Ingila ya samo asali, John Montagu, wanda ya rasu a 1792, kuma kalmar ta bayyana a rubuce tun 1762. Sunan ya zama nasa, amma gwanintar ta talakawa ce. A Mumbai, ma'aikatan masaƙu ne suka raya vada pav, curin dankali da aka tsoma a ƙullin wake aka soya aka sa a ƙaramin burodi. A Alkahira ana cika burodin gargajiya da ta'amiyya, wadda 'yar uwar ƙosai ce ta jini. A Dakar kuwa dafaffen wake mai romon tumatir, ndambe, shi ake zubawa a dogon burodi da safe. Dalili ɗaya ne ya haifi dukansu: nama ya yi tsada, aiki na jira, ba lokacin neman kwano da cokali. Saboda haka ƙosai da burodi ba abin jin kunya ba ne, dangi gare shi a manyan biranen duniya.

Sai dai ba kowane haɗi ne ke karɓuwa ba, kuma a nan ne nake ganin hikimar take. Burodi busasshe ne, yana neman maiƙo ko laima, amma gwargwado. Ƙosai mai zafi yana sakar masa mai, kifin gwangwani ma haka. Mai shayin da ya san aikinsa, idan ya soya ƙwai da albasa da attaruhu, yakan ɗora burodin a kaskon ya danna shi har ya sha man ya yi ɗan ɓawo, don kada ya wargaje a hannu. Kilishi a burodi kuwa bushe ne a kan bushe, sai an bi da ruwa. Tumatir mai yawa yana jiƙa shi ya zama kamar ƙullu. Abin da ya fi damuna shi ne zaƙi. Burodin da ake gasawa a yawancin garuruwanmu na Najeriya sukari ya yi masa yawa, har yana danne ɗanɗanon yaji da nama, sannan a lafta masa bota, a ƙara mayonis, wani ma har da madarar gwangwani. Wanda ya ci tsire a dogon burodin nan mai ƙarfin ɓawo da ake sayarwa a Maraɗi ko Yamai ya san bambancin: ba zaƙi, don haka naman ne ke magana.

Mu kuma muna da gurasa, wadda a ganina ta fi burodin leda dacewa da wannan aiki nesa ba kusa ba. Sunanta daga Larabci yake, kuma Kano ce cibiyarta, musamman wajen Jakara, inda mata ke manna ƙullin a jikin tanderu mai zafi har ya gasu. Faɗi gare ta, tana lanƙwasuwa ba ta karye ba, tana shan mai ba ta narke ba. Mai tsire yakan ɗora ta a gefen wuta ta ɗauki ƙamshin hayaƙi, ya yayyafa mata man gyaɗa da yaji, ya naɗe naman a ciki. Bandashe kuma wani mataki ne na daban: a ɗan jiƙa gurasar, a lulluɓe ta da garin ƙuli-ƙuli, a zuba mai, a yanka albasa da tumatir da kabeji. Wanda ya fara wannan ya fahimci abin da manyan masu dafuwa ke nema, wato taushi da garɗi da yaji da ɗanyen ganye a loma guda.

Amma gurasa ma 'yar alkama ce, kuma mafi yawan alkamar da Najeriya ke ci daga waje ake shigo da ita. Gwamnati ta hana shigo da ita a 1987, ta janye hanin a 1992. A 2012 aka sake tallata burodin da aka gauraya da garin rogo, bai kama kasuwa ba. Kuskuren, a fahimtata, shi ne an nace sai an tilasta wa rogo da dawa su yi kama da burodin alkama, abin da ba halinsu ba ne, domin ba su da danƙon da ke riƙe iska ƙulli ya kumbura. Wasu ƙasashe ba su bi ta nan ba. A Benezuwela wainar masara ce, arepa, ake tsagawa a cika da nama ko wake ko cuku. A Japan kamfanin MOS Burger ya fito da curin shinkafa a madadin burodi tun 1987. Sun bar hatsinsu ya zama abin da zai iya zama.

Masa da sinasir suna nan a gabanmu, na shinkafa, wani lokaci masar gero ko masara. Masa tana tsaguwa gida biyu, ɗan tsaminta kuma yana tafiya da nama da yaji fiye da zaƙin burodi. Sinasir yana naɗuwa kamar gurasa. Ba zan ɓoye rauninsu ba: da sun huce sai daɗin ya ragu, masa ta yi tauri, sinasir ya riƙa yagewa, burodi kuwa yana kwana biyu a shago. Wannan ne ya ba shi galaba a hannun matafiyi. To amma ƙosai ma da zafinsa ake cinsa, kuma ba wanda ya ƙi shi don haka.

Kirana ga masu tuyar masa da masu tsire shi ne su matso da tanda kusa da tukuba, kamar yadda mai ƙosai ta daɗe da zama kusa da mai burodi. Kai kuma mai karatu, ranar da ka sayi balangu, nemi masa mai zafi guda uku, ka tsaga, ka sa naman da yaji a ciki, ka ci kafin ta huce.