Muryar da Ba a Ganin Mai Ita: Indiya-Hausa, Waƙar Fim da Abin da Zanen Japan Ya Riga Mu Faɗa

A ƙauyukan arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Minjibir zuwa Dambatta da Makoɗa, an fi sauraron fim a kan kallonsa. Ƙasa ce mai yawan jama'a, gona manne da gona, kuma hannun kowa da abin da yake yi. Matar da ke ɓarar gyaɗa ko ɗinkin hula takan jingina waya da bango, idonta a kan aiki, kunnenta a kan labari. Bayan isha samari su kewaye waya ɗaya a majalisa, biyu ko uku ne ke ganin allon sosai, sauran da kunne suke bi. Saboda haka duk mai son fahimtar fim a wannan yanki, da murya ya kamata ya fara.

Hanyar da fim ke isowa ma ta nuna haka. Ranar kasuwa za ka tarar da mai turi a rumfarsa, kwamfuta a gabansa, janareto na kuka a baya ko farantin sola a kan rufi, ga wayoyi jere a kan katako ana caji, kowace an manna mata lamba. Yaro ya miƙa mimori, ya ce a zuba masa Indiya-Hausa da sababbin waƙoƙi. Sau da yawa ba ya kiran sunan fim, cewa yake a sa masa "na Algaita". Sunan gidan fassarar da ke Kano shi ne hatimin da ya yarda da shi, domin ya san muryoyin, ya san irin barkwancinsu da kirarinsu. Amma ka ce ya faɗi sunan mutumin da ya yi maganar jarumin, ko matar da ta yi kukan uwar jarumin, da wuya ka samu amsa.

Wannan rabuwa tsakanin fuska da murya tsohuwa ce a wurinmu. Tun wajejen shekarun 1950 da 1960 Kwarori masu gidajen silima suka fara kawo fina-finan Indiya Kano, jama'a kuwa suka rungume su ba tare da jin Hindi ba, har suka raɗa wa 'yan wasan sunaye: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, daga baya Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Brian Larkin da Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi dogon rubutu a kan wannan shaƙuwa. A can Indiya, wanda ke rawa daban, mai waƙa daban. Lata Mangeshkar ta shafe shekaru sama da sittin tana ba jarumai mata murya, Mohammed Rafi kuma ya yi wa maza. Da fim ɗin Hausa na bidiyo ya kankama bayan Turmin Danya na 1990, musamman daga zamanin Sangaya, sai aka ɗauko tsarin sukutum. Jarumi da jaruma na motsa baki a lambu, waƙar kuwa ta Misbahu M. Ahmad ce, ko Fati Nijar, ko Maryam A. Baba, daga baya kuma Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef. Wasu cikinsu sun yi suna har sun tsaya da ƙafarsu. Amma akwai 'yan amshi da mawaƙa mata masu ɗimbin yawa da muryarsu ta kwana a kowane gida, sunansu bai taɓa fita daga situdiyo ba.

Fassarar Indiya-Hausa, wadda ta bunƙasa cikin shekarun 2010, ita ta kai abin maƙura, kuma ita ce na fi ganin an yi wa rashin adalci wajen nazari. Ana ɗaukarta aikin kwaikwayo mara daraja, alhali sana'a ce mai wuya. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, an liƙa soso a bango don hana amsa-kuwa, mutum ɗaya tsaye gaban makirufo, na'urar ji a kunne, ido a kan leɓen wani ɗan wasa daga Hyderabad ko Chennai. Ɗan wasan ya buɗe baki na daƙiƙa huɗu, dole maganar Hausa ta shiga cikin daƙiƙa huɗun nan, ta ƙare daidai lokacin da ya rufe baki. Idan ta yi tsawo a datse ta, idan ta gaza a cike da rantsuwa ko kirari. A sake, a sake, har maƙogwaro ya bushe. Sannan mutumin nan ya sauya murya ya koma bos, ya ƙara sauyawa ya koma tsohon da ke ba da shawara.

Abin da ke fitowa daga ɗakin ya wuce fassara. Barkwancin Telugu ba ya ba Bahaushe dariya, don haka sai a zubar da shi a ƙirƙiro namu. Sarpanch na ƙauyen Indiya ya koma mai gari, mai ba da bashi da ruwa ya koma irin azzalumin da kowa ya sani. Ina ganin wannan ne sirrin karɓuwar fina-finan kudancin Indiya a karkara. Labaransu cike suke da rikicin gona, ƙwacen fili, ɗan siyasa da 'yan barandansa, da yaron talaka da ya tsaya ya ce a'a. Manomin da gonar gadonsa ta ragu saboda rabo tsakanin 'yan'uwa, ko wanda birni ke cinye filayen garinsu ta wajen Ungogo, ba ya bukatar a yi masa bayanin irin wannan labari. Muryar Bahaushe ce kawai ta rage, ita kuma aka ba shi.

Sana'ar tana da nata aibu, kuma ɓoye shi ba ƙauna ba ce. Yawancin fina-finan ana fassara su ne ba da izinin masu su ba, abin da ya sa sana'ar ke zaune a kan ƙasa mara ƙwari. Gaggawar riga abokin gasa fitarwa takan sa a yi aikin sha-yanzu-magani-yanzu. Karin maganar 'yan daba ya yi yawa a bakin jarumai, yara kuma suna ɗauka. Masu shirya fim na Kannywood sun daɗe suna kukan cewa Indiya-Hausa ta karya musu kasuwa, kuma kukan yana da tushe, ko da yake satar fasaha da mutuwar kasuwar faifai sun yi musu ɓarna iri ɗaya.

A nan ne nake ganin amfanin leƙa Japan. Can suna da fina-finan zane da ake kira anime, wanda duk rayuwar da ke cikinsa daga maƙogwaron masu murya take fitowa. Ana kiransu seiyuu, suna da makarantu, suna da ƙungiya, ana rubuta sunansu, har mujallu ake bugawa a kansu. Duk da haka sabon shiga abin da aka saba biyansa shi ne yen 15,000 a kashi guda, ko ya yi magana ɗaya ko ɗari. Abin da ya fi burge ni shi ne masana'antar ta juya kyamara ta kalli kanta. Shirin Shirobako na 2014 labarin masu haɗa zane ne, cikinsu akwai Shizuka, budurwa mai burin aikin murya, tana hidima a gidan abinci, tana zuwa gwaji ana mayar da ita, ƙawayenta na ci gaba ita tana nan. Sai dab da ƙarshe ta samu 'yar ƙaramar rawa. Duk wanda ya taɓa zama a bakin situdiyo a Kano yana jiran a kira shi zai gane wannan yarinya.

Ɓangare na biyu na labaran Japan ya fi ɗaci, wato labaran 'yan mata mawaƙa da kamfani ke reno yana sayar da farin jininsu, waɗanda ake kira aidoru. Fim ɗin Perfect Blue na Satoshi Kon, 1997, ya bi wata Mima da ta bar waƙa ta koma wasan kwaikwayo, wani masoyinta ya ƙi yarda ta sauya, ya shiga bibiyarta. Oshi no Ko na 2023 ya buɗe ne a asibitin karkara, inda tauraruwa Ai, 'yar shekara 16, ta je haihuwar tagwaye a ɓoye, domin in masoya suka ji ta ƙare. Ƙarshenta wani cikinsu ne ya kashe ta. Ba ƙirƙira zalla ba ce: a 2013 Minami Minegishi ta ƙungiyar AKB48 ta aske kanta ƙwal, ta fito bidiyo tana kuka tana neman gafara, saboda wata mujalla ta fallasa cewa tana da saurayi.

Al'adarmu da tasu ba ɗaya ba ne, addininmu ya shata mana iyakoki, kuma ba ina kiran a share su ba. A Japan ana hana tauraruwa soyayya don masoya su ci gaba da mafarki. A wurinmu ana matsa mata ta yi aure, in ta yi kuma yawanci sana'ar ta ƙare. Amma tushen ɗaya ne: jama'a na ganin ita mallakarsu ce. Hukumar tace fina-finai ta Kano ta kafu a 2001, kuma tun lokacin manyan guguwoyin da suka taso galibi a kan mata suka sauka. A Oktoban 2016 ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau saboda bidiyon waƙar da ta fito tare da mawaƙi ClassiQ. Ko mutum ya goyi bayan hukuncin ko bai goya ba, ya kamata ya tambayi kansa me ya sa mutumin da ke sauke waƙoƙin 'yar fim a wayarsa da safe shi ne mai tsine mata da yamma, kuma ba zai yarda ɗansa ya aure ta ba.

Fuska ke nan, ta samu suna ta sha duka. Murya da sauran ƙananan ma'aikata kuwa, ba suna ba kuɗi. A Fabrairun 2022 Ladin Cima, dattijuwar da ta shafe shekaru tana fitowa a matsayin uwa, ta shaida wa shirin Daga Bakin Mai Ita na BBC Hausa cewa naira dubu biyu zuwa biyar ake ba ta a fim. Masana'antar ta ɗauki zafi, wasu furodusoshi suka musanta, aka yi ta musayar yawu, sannan ƙura ta lafa. Idan wadda kowa ya san fuskarta ta yi irin wannan kuka, ina ga yarinyar da ta yi amshi, ko wadda ta yi kukan uwar jarumin Indiya Prabhas da Hausa?

Marubutanmu sun iya dogon zango, Labarina da Izzar So da Daɗin Kowa sun tabbatar. Amma da wuya ka ga sun ɗauko rayuwar situdiyo da gaske, in ma sun taɓo ta, kare kai suke daga zargin ɓata tarbiyya. Ina kira gare su da su rubuta labarin yaron da ya baro Kunci ko Tsanyawa ba shi da jari sai maƙogwaro, da yadda ake biyansa, da yadda ake mantawa da shi. Su kuma gidajen fassara, tunda masu sauraronsu a karkara da kunne suke karatu, su riƙa furta sunayen masu murya da baki a farkon kowane fim, maza da mata, kamar yadda suke furta sunan kamfani.