Masu karanta ragowar kwano

Kafin sabon magani ya shiga bakin ɗan Adam, akan gwada shi a kan dabbobi iri biyu: ɓera, da wata dabbar da ba dangin ɓera ba. Sau da yawa ta biyun kare ne, ɗan ƙaramin nan mai faffaɗan kunne da ake kira bigul. Ƙa'idar ƙungiyar OECD mai lamba 409 ta tsara gwajin kwana 90, da aƙalla karnuka maza huɗu da mata huɗu a kowane rukuni.

Aikin da ya fi burge ni a nan da sikeli ake yin sa. Kullum ma'aikaci zai auna abin da ya zuba wa kare, galibi wajen giram 300, ya dawo ya auna ragowa, ya rubuta. Ka ce ƙaramin aiki ne, alhali hukunci mai nauyi na rataye a kansa.

Magani kan sa kare tashin zuciya, ya sunsuna kwano ya kau da kai. In ya yi makonni a haka sai ya rame, bugun zuciyarsa ya ragu, ɓargo ya rage haifar da sababbin ƙwayoyin jini, sukarin da hanta ke ajiyewa ya ƙare. Timus, wata 'yar gaɓa a ƙirji da ke renon ƙwayoyin garkuwar jiki, sai ta motse. Ɗan kare namiji kuma balagarsa kan yi jinkiri. Duk waɗannan, guba ma tana haddasa su. To, aikin maganin ne ko na yunwa? Kama da wane ba wane ba ne. In aka ɗora wa magani laifin yunwa, an binne abin da zai ceci marasa lafiya. In aka ɗora wa yunwa laifin magani, an saki guba a kasuwa.

A nan gwani ke nuna kansa. Yana jera ranaku: ƙin cin abinci ne ya riga, ko faɗuwar jini? Yana neman karen da ya sha magani mai yawa amma bai bar cin abinci ba, ya duba ɓargonsa a madubin likita. In shakka ta ƙi gushewa, sai a haɗa tagwayen kwano: lafiyayyen kare da bai sha magani ba, a ba shi daidai abin da ɗan'uwansa mai shan magani ya ci jiya. Abin da ya bayyana a jikin su biyun, na yunwa ne. Abin da ya tsaya ga mai shan magani kaɗai, shi ake tuhuma.

Kuma ma'aikatan ba sa zura ido dabba ta ƙare, wannan ne ya sa nake ganin girmansu. Sukan jiƙa busasshen abincin da ruwan ɗumi don ƙamshi ya tashi, su kawo na gwangwani, su ƙara lokacin ci, wani sa'in su miƙa wa karen a tafin hannu. Ko wannan lomar ta tafin hannu sai an auna ta an rubuta.